Ranar da Aka Auna Tela

Ina da wani ɗan hali wanda bai dace da sana'ata ba: duk sanda aka zagaya min tef a ƙugu, sai na shanye ciki. Ni tela ne. Shekara da shekaru ina kama manyan mutane da wannan laifin. Da na ga mutum ya miƙe ƙyam, ya ɗauke numfashi, idanu sun firfito, sai in ce, "Ranka ya daɗe, saki abinka, ba hoto za a ɗauka ba." In ya ƙi, in tsaya ina jan sa da hira har iska ta ƙare masa. Ba wanda ya taɓa tsere min. Amma wanzami ba ya son jarfa. In aka zo kaina, cikin nan da kansa yake ja da baya, ko umarni ba ya jira.

Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa. Bari in ba ku labarin motar.

Akwai wani tsohon likita da nake wa ɗinki. A bayan gidansa akwai wani abu a kwance ƙarƙashin tamfol, kuma duk sanda na kai masa kaya sai na ɗaga gefen tamfol ɗin na leƙa. Bayan rasuwarsa na kai wa matarsa sauran kayansa da ke shagona, sai ta raka ni har tsakar gida ta nuna min wurin da baki.

"Tela, kullum ka zo sai ka leƙa tarkacen nan kamar ka ba da ajiya. In za ka iya ɗauke ta, taka ce."

Motar tsere ce irin ta da, ta girme ni da 'yan shekaru. Kujera biyu kacal. Dogon hanci kamar na kada, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka tsaya kusa da ita ba ta wuce ƙugunka. Tayoyinta masu waya-waya ne kamar na keke. Rufinta na ƙyalle ne mai ninkewa, amma ɓeraye sun riga sun yi walima da shi, sun haɗa da kujerun. Launinta a lokacin launin tsatsa ne. Na tsaya ina kallonta kamar ranar da na fara zuwa zance.

Maiɗakina ce ta jawo min ita gida. Ita kiwon kaji take yi, tana kai ƙwai shaguna a wata tsohuwar a-kori-kura. Duk unguwa an san tuƙinta: a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, don kuwa ƙwan take ɗauke da shi. Ba ta taɓa fasa ko tiren ƙwai ɗaya ba. Ranar ta ɗaura igiya a bayan a-kori-kura, ni kuma na ɗora akwatin katako a inda kujera take a da, na zauna na kama sitiyari. Haka muka ratsa gari, tana gaba ina baya, ina ɗaga wa mutane hannu.

Da muka tura ta cikin gareji, ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Malam, mu shida ne a gidan nan. Kujera biyu ka kawo."

Na ce, "Ai ba ta kai yara makaranta ba ce."

"To ta mece ce?"

Na ce ta jira ta gani.

Abokin aikina a kan motar shi ne Tartsatsi, makanike kuma mai walda. Sunan ya samo asali ne daga rigunansa, waɗanda duk wuta ta huda, kuma ni nake masa faci. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar gareji sai wurin ya yi duhu. Duk ranar hutu yana wurina. Mu muka sauke injin muka warware shi ƙusa-ƙusa a kan tsohuwar tabarma. Mu muka yanke ƙasan motar da tsatsa ta cinye, ya walda sabon ƙarfe. Lagiretonta na ƙasar sanyi ne, sai muka sa mata na wata babbar mota don kada ta riƙa tafasa kamar buta. Tana da kafireto biyu masu shayar da injin fetur, tagwaye masu gaba da juna: in ka lallashi wannan, wancan ya yi fushi. Tartsatsi yakan sa guntun tiyo a kunne ya kara a bakin kowanne, ya lumshe ido yana sauraro kamar likita.

Ni aikina a wannan fannin riƙe fitila da miƙa sifana. Amma da aka zo kan kujeru, sai na ce kowa ya matsa.

Ƙarafan da kujera ke zamewa a kansu gaba da baya sun ruɓe, mun neme su a kasuwar tsofaffin kaya har mun gaji. Tartsatsi ya ce, "Maigida, mu walde ta a ƙasa kawai. Ai kai kaɗai za ka tuƙa." Ya kuma bayyana min cewa kujerar tsere ba kujerar falo ba ce. Tana da kunnuwa na ƙarfe a gefe da gefe, su kama mutum a ƙugu tam, don in an sha kwana da gudu kada ya zame. Sai an auna mai ita a ƙera ta daidai jikinsa.

Na cire tef daga wuyana na miƙa masa. Ya zagaya min.

"Saki jikinka, Maigida."

"A sake nake."

"Na ga kamar ba ka numfashi."

"Kai, auna ka ba ni abina. Ni za ka koya wa awo?"

Ya sa alli ya zana a kan ƙarfe. Sannan ya tambaye ni, "A bar rara?"

Ni fa da barin rara aka san ni. Ba na ɗinka wa mutum wando ban naɗe masa ɗan yadi a ciki ba, don na san ɗan Adam ba ya tsayawa inda awo ya bar shi. Amma ranar sai na ɗaga kai na ce, "Motar tsere ba wando ba ce. Yi ta cif." Kujerar gefe kuma muka ƙera ta ƙarama fiye da haka, don ta uwar yara ce.

Na samo fata mai launin ruwan zuma, mai laushi kamar kunnen jariri. Ban bari keken ɗinki ya taɓa ta ba. Da hannu na ɗinke ta, da jan zare, layi biyu a jere, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa. Yatsuna sun yi kanta, idona ya ƙara lamba a wurin mai tabarau. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun da na kama allura ban taɓa yin aiki kamarsa ba. Da aka walde kujerun a mazauninsu na ja fatar na ɗaure, sai na lulluɓe su da tsohon zanin gado, na kafa doka: ba mai buɗewa, ba mai zama, har ni kaina, sai ranar da za ta fita. In Tartsatsi zai gwada wani abu, daga waje yake miƙa hannu.

Ranar fitar ce ta yi nisa. Neman wani ƙaramin ƙarfe na cikin giyar motar ya tsayar da mu shekara guda. Da ya samu, sai karatun yara ya taso. Da wannan ya lafa, Tartsatsi ya karye a ƙafa. Shekara goma da wani abu suka wuce haka. A cikinsu kuwa maiɗakina ba ta fasa girki ba, ni ma ban fasa yabawa ba. Na kwance rarar wandunana ba sau ɗaya ba, har ta ƙare na ɗinka sababbi. Amma ko sau ɗaya hankalina bai kai ga abin da ke ƙarƙashin zanin gadon nan ba.

Kaji kuma suka yi albarka. Buhunan abincinsu suka cika zaure, suka shigo falo, har aka fara jingina su a bayan ƙofar ɗakinmu. Wata ranar hutu muna gareji, sai ga ta da wani siririn mutum mai ƙaramin maganaɗisu a hannu. Na san shi. Sikeli ake ce masa, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Duk abin da ya kalla, nauyinsa yake gani.

Ta ce, "Malam, damina ta kusa, kuma ba zan bar abincin kaji ya jiƙe ba. Ƙarshen watan nan, motar nan ta tashi da injinta, ta fita, ta zaga unguwa, ta dawo. In ta yi haka, mota ce, zan san inda zan kai buhuna. In ba ta yi ba, ƙarfe ne, ga mai ƙarfe."

Na ce, "Haba uwar yara, a gaban baƙo?"

"Shekara nawa ina faɗa ba a gaban baƙo ba?"

Sikeli ya manna maganaɗisun a jikin ƙofa, ya ji ya kama, ya yi murmushi. Ji na yi kamar a jikina ya manna.

Watan nan na rufe shago da wuri fiye da yadda ya kamata. Muka ja sababbin wayoyi, muka gyara birki, aka fesa mata jan fenti har kana ganin fuskarka a jiki. Na ɗinka sabon rufi baƙi, na naɗe sitiyari da ragowar fatar. Ana saura kwana kaɗan, Tartsatsi ya ɗaura batir, ya zuba fetur, ya miƙa hannu ta saman ƙofa ya murɗa makulli. Ta yi tari. Ta sake yin tari, ta tofar da baƙin hayaƙi. Sannan ta kama.

Ban san yadda zan kwatanta muku muryar nan ba. Ba ƙara ba ce irin ta motocin yanzu masu kukan sauro. Daga ƙirji take fitowa, kamar zaki ya farka bai ga dama ba. Kwanukan kicin suka yi rawa. Kaji suka yi tsit. Tartsatsi ya juya baya yana goge ido da tsumman baƙin mai, ni kuma na ce hayaƙi ne ya shigar min.

Ranar ƙarshen wata, da hantsi, rabin unguwa na ƙofar gidana, don na ɗan faɗa wa mutum biyu uku, su kuma suka faɗa wa kowa. Sikeli ya iso da babbar motarsa da sarƙa, ya ajiye a gefe ya harɗe hannu. Ni kuma na fito cikin wata 'yar jaket da na ɗinka musamman, da safar hannu ta fata. Muka turo motar zuwa bakin gareji inda rana za ta haske ta. Na kama gefen zanin gadon na yaye.

Jama'a suka ce, "Kai!" Wani ya ce, "Tela, wannan a nan aka yi?" Na yi kamar ban ji ba don ya maimaita.

Na buɗe ƙofa, na zura ƙafar dama, na sunkuya, na sauke jiki a hankali. Sai na tsaya a hanya. Ban kai ƙasa ba. Kunnuwan ƙarfen nan biyu suka tare ni, na zama kamar tulu a bakin ƙaramin gammo. Na ɗan jijjiga hagu, na jijjiga dama. Na shanye ciki irin shanyewar da ban taɓa yi ba, har na ga taurari da rana tsaka. A ranar na gane abin da ya kamata tela ya sani tun yana yaron shago: ciki ake shanyewa, ba a shanye ƙugu.

Da iska ta ƙare min na saki numfashi, sai cikin ya koma mazauninsa ya danne tsakiyar sitiyari. Hon ya ɗauka. Hon ɗin da muka sha wahala kafin ya yi kuka, yau ya ƙi yin shiru. Ga ni a maƙale, ba shiga ba fita, mota tana sanar da duniya.

Tartsatsi ya kama ni ta hammata, maƙwabcina ya riƙe ƙofa, aka fizge ni kamar toshiyar kwalba. Wasu suka juya baya don kunya, wasu ba su damu da kunya ba.

Tartsatsi ya raɗa min, "Maigida, ranar nan da na ce ka saki jiki..."

"Ba yanzu ba."

"Ko da ka saki ma, da wuya."

"Na ce ba yanzu ba. Yanke kunnuwan."

Ya girgiza kai. Sai an kwance fatar duka, a sa wuta, a sake ƙira, a sake ɗinki. Aikin makonni ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kansa ko cinyarsa ɗaya ba za ta shiga ba.

Sikeli ya matso yana gyara wuyan riga. "Ai ni zan shiga, Tela. Ba ni makullin in tuƙa maka ita. Har wurina ma, ka ga an huta da sarƙa." Aka yi dariya. Ya ji daɗin dariyar, sai ya ƙara. Ya doki taya da ƙafa, ya tsunkuli fatar kujera da yatsu. "Wannan ma ba za ta yi asara ba. Akwai mai takalma a layinmu."

Duk wannan abin maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa. Dariyar ma ta yi, na gan ta, ta rufe baki da gefen gyale lokacin hon. Amma da Sikeli ya tsunkuli fatar, sai ta tako. Ba ta taɓa ganin kujerun a buɗe ba. Ta ture hannunsa, ta bi jan zaren da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai karatu.

"Malam, da hannu ka yi wannan?"

"Da hannu."

"Duka?"

"Duka."

"Ni tun da ka aure ni ban sami irin ɗinkin nan a rigata ba."

"Ke kullum sauri kike, ki ce gobe za ki sa."

Ta kalli ƙaramar kujerar gefe. "Wannan fa?"

"Taki ce."

Sannan ta juya wajen Sikeli. "Malam mai ƙarfe, mijina ne. In dariya za a yi masa, ni na fi kowa iyawa, kuma a cikin gida nake yi. Janye motarka, ka tare hanya."

Ta cire gyalen ta ɗaure shi a ƙugu, ta tuɓe takalma ta miƙo min, ta buɗe tafin hannu. Na sa mata makulli. Tsayinmu ɗaya da ita, abin da ban cika son a ambata ba. Ta zura ƙafa, ta sauka cikin kujerar direba sumul. Kunnuwan suka kama ta cif, kamar ita aka auna. Ashe mutumin da Tartsatsi ya auna ranar nan, wanda bai taɓa wanzuwa ba, girman matata ne.

Na sunkuya ina mata bayani. "Kulocin da nauyi. Ki sake shi sannu-sannu, kada ki..."

"Malam, matsa."

Ta tayar. Ta fito daga gareji ba ko gargada, ta gangara kan titi a hankali, irin tafiyar ƙwai da kowa ya saba gani. Na ce a raina, to, haka ma ya isa, a lallaɓa a zagayo. Ta kai ƙarshen layi, ta sha kwana, ta ɓace mana.

Sai muka ji ta taka.

Muryar nan ta tashi ta bayan gidaje, ta hau, ta hau, ta yanke na ƙiftawar ido, ta sake kamawa. Tartsatsi ya damƙe hannuna. "Giya ta biyu ke nan." Ta sake hawa. "Ta uku! Maigida, ka ji tagwayen? Ka ji sun shirya?" Na ji. Duk ƙusar da na wanke da fetur a kan tabarmar nan tana cikin wannan muryar. Ina tsaye a tsakiyar titi da jaket da safar hannu, riƙe da takalman mata, kuma ban taɓa jin na kai haka girma ba. Na juya ga jama'a na ce, "A garejin nan aka yi ta." Ba wanda ya tambaye ni, amma na faɗa, na kuma faɗa.

Zagaye ɗaya aka yi sharaɗi. Muka ji ta wuce bakin layinmu ba ta shigo ba, ta miƙe babban titi har sautin ya ƙanƙance ya ɓace. Sikeli ya ce wataƙila motar ta mutu a hanya. Bai rufe baki ba muka jiyo ta tana dawowa.

Ta shigo layi, ta tsaya daidai ƙafata. Ɗankwali ya zame, iska ta sa idanunta hawaye, tana wata dariya da rabona da ji tun kafin a haifi babban ɗanmu. Matar da ta shekara ashirin tana tafiya kamar hawainiya saboda ƙwai, ashe ƙafar tana nan, wuri ne ba ta samu ba.

Ta kashe injin ta ce wa Tartsatsi, "Giya ta uku tana ɗan gardama."

Ya cire hula. "Za a duba, ranki ya daɗe."

Sikeli ya naɗe sarƙarsa. Ban ma ga tafiyarsa ba.

Motar tana nan a gareji har yau, ja wur, ba tabo ko ɗaya. Buhunan kaji an kai su ɗakin bayan shagona, inda nake ɗan kishingiɗa da rana a da. In maiɗakina ta fito da motar, masu manyan motoci sukan sauke gilashi su tambayi wa ya yi kujerun, ita kuma ta kwatanta musu shagona. Duk wanda ya zo, nakan zaunar da shi in ba shi labarin tun daga tamfol ɗin likita: lagireto, tagwaye, jan zare layi biyu. Nakan ce masa mota irin wannan ba a sayen ta, yin ta ake yi, kuma sai mai haƙuri. Duk safiya ni nake goge ta da kaina, ba na yarda kowa ya taɓa.

Tartsatsi ya ce yanzu da babu gaggawa zai iya yanke kunnuwan ya faɗaɗa min. Maiɗakina ta ce kada wanda ya taɓa mata kujera.

Ƙwai kuma ni nake kaiwa yanzu.